Zuwa ga Ɗana, Game da Rumfar Ƙoto

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Saƙonka ya iso, na ji ka yanke shawarar kafa 'yar rumfa a hanyar bakin ruwa don sayar wa masu fatsa ƙoto. Mahaifiyarka ta yi ta dariya, wai duk karatun nan a tsutsa zai ƙare. Ni ban taya ta ba, domin na taɓa sana'ar kafin a haife ka, kuma na san mai fatsa kan manta hularsa a gida amma ba ya manta wanda ya sayar masa da ƙoton da ya cika masa jaka.

Duk wanda ya tsaya gabanka, kada ka yi saurin buɗe gwangwani. Tambaye shi wane kifi ya fito nema, a wane ruwa, da rana ne ko da dare. Rabin cinikinka yana cikin amsar da zai ba ka.

Idan ya ce tarwaɗa, to ka tuna ba da ido take kiwo ba. Da gashin bakin nan nata take laluben ƙasan ruwa, kuma fatar jikinta ma tana jin ɗanɗano, shi ya sa duhu da ruwan laka ba sa hana ta cin abinci. Abin da ke da ƙarni take so: hantar kaza, yankan kifi, ko tana mai kauri. In ka ba shi hanta, ka haɗa masa da ɗan siririn zare ya naɗe ta a jikin ƙugiya, in ba haka ba jifa ɗaya za ta fice ta bar shi yana gadin ƙugiya tsirara. Karfasa kuwa bakinta ƙarami ne, yawancin cimarta gansakuka ce da ƙananan halittun ruwa. Guntun tana, ko tsutsa biyu, ko ɗan ƙullin gari da bai wuce ƙwayar wake ba ya ishe ta. Ka ba mai neman karfasa doguwar tana, za su yi ta tsinkar jelar har ta ƙare ba tare da ko ɗaya ta haɗiyi ƙugiyar ba, shi kuma ya dawo yana cewa ƙotonka ne ba shi da kyau. Giwan ruwa da tsage mafarauta ne, ƙaramin kifi mai rai yana wutsil-wutsil shi ke jawo su. Mai neman tsage ka gaya masa ya sa 'yar waya tsakanin ƙugiya da igiya, don haƙoranta almakashi ne.

Tana ita ce jarinka na gaske, saboda kusan babu kifin ruwan daɗi da ke ƙin ta, don haka bari in daɗe a kanta. Ba ta da huhu, ta fata take numfashi, kuma sai fatar na da danshi iska ke shiga. Ƙasar da za ka zuba ta ciki, ka dunƙula a hannu ka matse. In ta haɗe ba ta ɗiga ba, ko ta ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu, ta yi daidai. In ruwa ya biyo yatsunka ta yi caɓi, za ta yi tsami ta kashe maka su. Ka huda murfin akwati, ka ajiye shi inda rana ba ta kaiwa, ka rufa masa jiƙaƙƙen buhu. Taki kuma sai wanda ya gama ruɓewa, domin ɗanyen taki zafi yake yi daga ciki kamar an hura masa wuta.

Ita ma iri-iri ce. Jar tanar nan da ake samu a ƙarƙashin juji ƙarama ce, mai yawan motsi a ƙugiya, ga saurin haihuwa. Ƙwanta kan ƙyanƙyashe cikin kamar mako 3, 'ya'yan kuma su kai girman haihuwa a wata 2 ko kusa da haka. Ita na fi so ka fara kiwatawa, don kada rani ya zo ƙasa ta bushe ka rasa abin tona. Akwai wata babba da ake tsinta da dare da fitilar goshi a gonakin Ontariyo ta Kanada ana kai wa masu fatsa a Amurka. Wannan sai a firiji take rayuwa, kada hotonta a intanet ya ruɗe ka in ba ka da wutar da za ta riƙe maka sanyi.

Kullum da safe ka juye akwatin a kan faranti ka duba su da hannunka. Lafiyayyar tana tana da sheƙi, in ka taɓa ta sai ta tsuke jiki. Wadda ta yi laushi, ta koɗe, ta miƙe kamar jiƙaƙƙen zare, fitar da ita nan take. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Na koyi wannan da tsada. Wata rana na tara tana cikin wani gwangwani da aka taɓa zuba kananzir, na ce ai na wanke shi da sabulu sau biyu. Washegari na sayar wa wani dattijo da ya yi tafiya mai nisa ba tare da na leƙa ciki ba. Da la'asar ya dawo, bai ce mini uffan ba, ya buɗe murfin ya kara mini a hanci. Sun narke sun zama kunu. Na mayar masa da kuɗinsa, ya karɓa, amma bai sake tsayawa a rumfata ba, abokansa uku ma haka. Har yau in na ji warin kananzir fuskarsa nake gani.

Ƙananan kifi masu rai sun fi riba, sun kuma fi saurin karya mutum. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi: a digiri 20 lita guda kan ɗauki kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa ta sauko wajen 7 da rabi, ga shi a lokacin ne kifin ya fi buƙatarta. In ka ga sun taso sama suna buɗe baki, rage su, ka canza rabin ruwan. Ka sayi ɗan injin hura iska mai batir tun kafin ka sayi allon talla. Ruwan famfo kuma kada ka tara ka zuba su kai tsaye, sinadarin kulorin da ake sa masa don kashe ƙwayoyin cuta yana ƙona musu mashaƙa.

Su kuwa fara da gyare ba su da wuyar sha'ani: kwali mai shan iska, wuri busasshe, ɗan ganye, kada a cunkusa su don sukan ci junansu. Da sanyin safiya ake kamun fara, wannan kam ba karin magana kawai ba ne a wurinka, aikin asuba ne.

Batun ciniki kuwa, mai fatsa da duku-duku yake fita, rumfar da ta buɗe bayan rana ta fito ta riga ta yi asarar ranar. Ƙirga a gaban mai saye, murfi a buɗe, ya ga suna motsi da idonsa, ka ɗora masa biyu ko uku a kai. Ka yi ƙaramin ƙunshi saboda yara da sababbin shiga, domin wanda ya kama kifinsa na farko da tanarka naka ne shekara da shekaru. Ka ajiye littafi. Duk wanda ya dawo da yamma ka tambaye shi me ya ci, a ina, da ƙarfe nawa, ruwan ya yi ja ko ya kwanta, ka rubuta. Bayan damina biyu za ka ga mutane suna tsayawa don jin labarin ruwa, su sayi ƙoto a kan hanya. Sai dai wurin da mutum ya gaya maka a asirce kada ka ba wani, masu fatsa sun fi kishin gurbinsu a kan kuɗinsu. In za ka sa hoto a WhatsApp ko Facebook, ka nemi izinin mai kifin, kuma ya zama da ƙotonka aka kama shi. Masu cewa suna da haɗin sirri da kifi ba ya tsallakewa, ƙyale su da bakinsu. Akwai ranar da ko me aka jefa kifi ba zai ci ba, ranar ce mai alkawari ke jin kunya.

Ka kuma je wurin hukumar da ke kula da kamun kifi ka ji ƙa'idar sayar da ƙoto mai rai, domin a wurare da dama doka ta hana ɗaukar kifi daga wani ruwa a saki a wani. Akwai dalili. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a Tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka, ta yi ta cin ƙananan kifayen da ke can tun asali har nau'o'i masu yawa suka ɓace. Bokiti guda na ragowar ƙoto yana iya kai baƙon kifi ko cuta inda babu su. Ka riƙa ce wa masu saye su dawo maka da abin da ya rage, ko su zubar a tudu nesa da ruwa.

Tsohon akwatina na katako yana nan a ɗakin ajiya, ƙasansa ya ɗan ci amma murfin lafiya lau. In ka tashi zuwa ka taho da ƙusa da guntun raga mu gyara shi tare. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in za ka shigo mata gida ka wanke hannu tun daga waje.

Wassalam,
Mahaifinka