Wasiƙa zuwa Alƙahira: kai da kashin farko na Teen Wolf

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Ya Alƙahira, ya sanyin bana? Mutanen gida duk lafiya lau. Umma ta ce in gaishe ka, in kuma tambaya ko yaji da kilishin da aka ba da a kai maka sun iso.

Saƙonka ya same ni, kuma har yanzu ban huce ba. Wato kai kashi ɗaya tak ka kalla na Teen Wolf, shirin talabijin ɗin nan na yaron da dabba ta ciza ya koma rikiɗa kerkeci, ka yanke masa hukunci, har da jefo min karin magana, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To shi ke nan, mu tsaya a Larabar. Ba zan taɓo maka abin da ya faru a gaba ba, don kada in ɓata maka daɗin kallo idan Allah Ya sa ka sauko. Na koma na sake kallon kashin, wanda suka sa wa suna "Wolf Moon", don in ga abin da ya kore ka, kuma na gani. Rabin ƙorafinka gaskiya ne. Inda muka raba hanya shi ne, kai dodo ka je nema, alhali dodon ne abu mafi rauni a cikin minti arba'in ɗin nan. Daɗin yana wuraren da babu kerkeci ko ɗaya a kan allo.

Ka fara da tuna inda abin ya fito. Tashar MTV ce ta haska shi ranar 5 ga Yuni, 2011, tashar da duniya ta fi sani da kiɗa da waƙa. Sunan kuma aro ne daga wani fim na barkwanci na 1985 da Michael J. Fox ya fito, inda yaro ke rikiɗa ya zama gwanin ƙwallon kwando ana ta dariya. Jeff Davis, mutumin da ya ƙirƙiro Criminal Minds, shi ya ɗauki sunan ya zubar da yawancin wasan, ya sa duhu da jini. Wanda ya ba da umarni kuwa Russell Mulcahy ne, mai Highlander na 1986, wanda ya yi suna tun da farko wajen ɗaukar bidiyon waƙoƙi. Da ka san wannan ba za ka yi mamakin hazo da ruwan sama da shuɗin duhun da suka cika kashin ba, ko yadda waƙa ke shigowa duk bayan 'yan mintoci ko ana buƙatarta ko ba a buƙata. Wannan na waƙar ni ma ya ishe ni.

Amma dubi yadda aka buɗe labarin, ka faɗa min tsakaninka da Allah idan akwai ɓata lokaci. Scott McCall yana ɗakinsa da dare ana gobe komawa makaranta, ya ji motsi a waje, ya fito da sandar wasa a hannu, sai ga amininsa Stiles ya zuro kai daga saman rufi, ƙafafu a sama. Labarin da ya kawo: an tsinci gawa a daji, amma rabinta kawai aka samu, 'yan sanda na neman ragowar. Kafin a je ko'ina ka riga ka san Scott mai ciwon asma ne, hawan ɗan tudu ma sai ya tsaya ya shaƙi maganinsa. Ka san burinsa a sa shi cikin 'yan wasan farko na lakros, wasan nan da ake cafe ƙwallo da sanda mai raga a kai. Ka san uban Stiles shi ne shugaban 'yan sandan Beacon Hills, kuma ya san halin ɗansa sarai. Duk wannan babu wanda ya tsaya ya yi mana bayani, a cikin tafiya da musu muka tsince shi. Suka tafi dajin neman gawar, Scott ya rage shi kaɗai, sai barewar nan da suka ɓarke da gudu suka bi ta kansa, abin shaƙar ya faɗi, ya kunna hasken waya yana laluben ganyaye, hasken ya sauka a kan fuskar gawar. Wannan wurin an iya shi.

Wurin da na fi so kuwa, kuma na tabbata kai ka wuce shi kana danna waya, shi ne na aji washegari. Scott yana zaune sai ƙarar waya ta soke masa kunne. Ya waiga, babu wanda ya motsa a ajin. Ya leƙa taga, can nesa a waje ga wata yarinya a kan benci, wayarta ce, tana gaya wa mahaifiyarta ta manta ba ta zo da biro ba. Aka shigo da ita ajin, sabuwar ɗaliba ce, Allison Argent, ta zauna a bayansa. Bai ce uffan ba, ya juya ya miƙa mata biro. Ita ta karɓa tana murmushi tana mamaki, shi kuma bai san yadda aka yi ya ji ba. Da biro ɗaya an nuna maka jikinsa ya fara sauyawa, an haɗa shi da yarinyar, an kuma sa ka ji wani ɗan tsoro a ƙasan daɗin. Ba a kashe ko kwabo wajen kwamfuta ba. Haka ma lokacin da ya shinshino cingam a aljihun Stiles, wanda shi mai aljihun ma ya manta da shi, da yadda kuliyoyin asibitin dabbobin da yake aiki suka haukace da ya shigo.

Sai Stiles. Kai ma ka amsa cewa shi kaɗai ya sa ka kai ƙarshe. Dylan O'Brien, wanda ya fito a Stiles, bai taɓa riƙe babban matsayi a wani shiri ba kafin wannan, 'yan bidiyon barkwanci yake sakawa a YouTube, amma ka ga yadda yake kwashe kowane fage da ya shiga. Abin da ya fi burge ni ba surutun ba ne. Shi ne ya fara kawo maganar rikiɗa da zolaya a daji, har da kwaikwayon kukan kerkeci. Da ya ji an samu gashin kerkeci a jikin gawar, bayan shi da bakinsa ya ce shekara sittin rabon Kalifoniya da kerkeci, sai dariyar ta ɗauke, ya kwana yana bincike. Da ya yi ƙoƙarin hana Scott zuwa liyafa a daren da wata ya cika, Scott ya maka shi da bango, ya tafi ya bar kujera da shatin farce. Fuskar Stiles yana kallon kujerar nan ta fi duk wani gurnani da aka yi a kashin ban tsoro. Abotarsu ce ginshiƙin shirin, ba soyayyar ba.

Akwai kuma abin da nake ganin ba ka ba shi haƙƙinsa ba. Cizon nan ba masifa ce zalla ba. Yaron da yake zaman benci, numfashi na gagararsa, uwarsa ma'aikaciyar jinya tana fama ita kaɗai, shi kuma yana zuwa makaranta a keke yayin da Jackson, kyaftin ɗin ƙungiyarsu ta lakros, ke ajiye motarsa Porsche a gefensa, rana ɗaya ya wayi gari asma ta tafi, ana tafa masa a fili, yarinya ta amsa gayyatarsa. Shi ya sa da Derek Hale, wani mai rikiɗa kerkeci kamarsa, ya ce masa cizon kyauta ce, ba za ka iya cewa ƙarya yake ba, ko da yake a lokacin jini na zuba daga hannun Scott inda kibiyar mafarauta ta kafe shi da bishiya. Duk abin da yake so ya samu, kuma abin da ya ba shi ɗin shi ne zai iya sa ya yaga wadda yake so. Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma kashin ya ajiye ta daidai.

To yanzu bari in koma ɓangarenka, kada ka ce na zama lauyansu.

Dabbar da ta cije shi ba ta yi ba. Sun san ba ta yi ba, shi ya sa suka ɓoye ta a duhu, amma ɗan abin da ake gani ma ya isa ka gane aikin kwamfuta ne na kuɗi kaɗan. Rikiɗar Scott kuma, ranka ya daɗe, nan na yi dariya irin taka: ido rawaya, haƙora, kunne mai tsini, sai gashi a gefen kumatu kamar yaran tashe da suka manna auduga za su yi tsoho da gemu. An ɗauki rabin sa'a ana tara maka fargaba, sai a ƙarshe a nuna maka wannan. Ka tuna labaran da ake ba mu muna yara, na mutumin da ke rikiɗa kura da dare? Babu mai tsayawa siffanta kurar. Abin da ke hana mu barci shi ne a ce an jefi kura da mashi jiya, yau kuma ga wane a unguwa yana ɗingishi. Masu wannan shiri sun fahimci haka a wasu wurare, a wasu kuma suka kasa haƙuri suka ɗaga labule.

Sauri ma ya yi yawa. Cizo, warkewa, gwaninta a fili, soyayya, liyafa, rikiɗa, mafarauta, duk a mako guda. Soyayyar ce ta fi shan wahala. Allison ta buge kare da mota cikin ruwan sama, ta rasa inda za ta kai shi sai asibitin da Scott yake shi kaɗai, ta jiƙe, ya ba ta riga, ya cire mata gashin ido daga kumatu, shi ke nan an gama. Hannun marubuci a fili yake, kana ganin yadda yake tura su. Crystal Reed, wadda ta fito a Allison, ta yi iya ƙoƙarinta, amma ba a ba ta komai ba sai murmushi da yafiya. Saurayi ya gudu ya bar ta a wurin liyafa babu bayani, wani baƙo mai baƙar jaket ya ce shi abokin Scott ne, ta shiga motarsa. Ranar makaranta kuma ya ba ta haƙuri ba tare da dalili ba, ta haƙura. Wace yarinya ce wannan?

Ga wasu ramukan da ko a kallon farko sai ka faɗa. Yaro dabba ta yage masa haƙarƙari, uwarsa ma'aikaciyar asibiti ce, amma ya liƙa bandeji ya yi shiru. Stiles ya bar amininsa mai asma a daji da dare, alhali wanda ya datse mutum gida biyu bai shiga hannu ba. Matar da aka kashe kuwa, su biyun sun ɗauke ta abin nishaɗi ne kawai, kuma kashin bai nuna ya damu da hakan ba. Derek, wanda Tyler Hoechlin ya fito, aikinsa a nan ya tsaya daga nesa ya zura ido, ka waiga ka ga babu shi. Sau ɗaya yana da armashi, an maimaita har ya zama abin dariya. Stiles ma ya ce gobarar da ta cinye dangin Derek ta yi kamar shekara goma, daga baya shirin ya mayar da ita shida, alamar ba su gama tsara tarihin gidan ba suka fara ɗauka. Lydia da Jackson a wannan kashi ba mutane ba ne tukuna, sarauniyar makaranta ce da kyaftin mai girman kai, irin waɗanda ka gani a fim ɗari. Jackson dai ya samu fage ɗaya mai kyau, inda ya tsare Scott yana tuhumarsa da shan ƙwayar ƙara kuzari, shi kuma gogan bai ma gane me ake tambayarsa ba, ya ɗauka maganar cefane ake. Batun shekaru kuwa kada ma a fara. Tyler Posey, wato Scott, da O'Brien 'yan 1991 ne, sun yi kama da ɗalibai, amma Crystal Reed 'yar 1985 ce, Holland Roden, wato Lydia, 1986, an ce mana duk 'yan sakandare ne. Dajin "Kalifoniya" ma na jihar Jojiya ne, a wajen Atlanta suka ɗauki zango biyu na farko, sai dai wannan bai dame ni ba.

Duk da haka ka dubi yadda aka rufe. Allison ta yafe, mota ta zo ɗaukarta, ta ce ga babana. Mutumin ya rufe mata ƙofa ya juyo, sai Scott ya gane shi ne jagoran mafarautan da suka harbe shi a daji. Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Uba ne kawai ya kalli yaron da ke magana da 'yarsa, yaron kuma ya ɗaga hannu a sanyaye. Ka ce ka hango hakan tun kafin a zo. Na yarda, ni ma na hango. Amma hangowar ba ta rage komai ba, domin daga nan duk wata gaisuwa da zai yi a gidan su yarinyar da ransa a hannu zai yi ta. Kai da ka san yadda gabanka ke faɗuwa idan ka je zance baban yarinya ya fito alwala, ka ƙara da cewa wannan uban yana da baka da kibiya a bayan mota, kuma kai yake nema bai sani ba.

Don haka ga abin da nake roƙo. Zangon farko kashi 12 ne kacal. Ban ce ka bi shi har kashi 100 da suka yi kafin su rufe a 2017 ba, ni kaina akwai zangon da na kalla ina tsaki. Ka daure ka kai kashi na 7, "Night School", wanda aka rufe su a makaranta da dare. Idan ka gama shi ba ka nemi na 8 ba, na sallama, kuɗin datarka a wuyana, ka turo lambar asusu.

Kada ka kalla a waya cikin rana, hoton yana da duhu, ba abin da za ka gani sai fuskarka. Ka bari sai dare a kwamfuta, bayan ka gama bitar karatu, kada a ce ni na hana ka cin jarrabawa.

Ka gaishe min da abokan zamanka na ɗaki. Ka kuma sanar da ni ko za ka samu zuwa hutun ƙaramar sallah, don 'yan majalisa sun fara tambaya, wurin zamanka a kan dakali wani ya fara gaje shi. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
abokin musunka na Kano.