A fassara mana shirin girkin Martin Yan da Hausa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in kai kira ga gidajen talabijin ɗinmu da ke fassara shirye-shiryen ƙasashen waje zuwa Hausa. Akwai wani shirin girki mai suna Yan Can Cook da nake so su duba.

Mai shirin, Martin Yan, an haife shi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin a 1948. Yana ɗan shekara 13 ya koma Hong Kong, daga baya ya karanci kimiyyar abinci a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. Ya fara fitowa a talabijin a birnin Calgary na Kanada a 1978, sannan tashar PBS ta Amurka ta fara nuna shirin a 1982. Tsofaffin shirye-shiryensa suna nan a YouTube, a can nake kallonsu da 'ya'yana. Takensa kullum shi ne, in dai Yan ya iya girki, to kai ma za ka iya.

Mutum ne mai barkwanci, amma duk wasan da yake yi darasi ne. Kafin ya ɓare kaza, sai ya riƙe cinyoyinta da fukafukanta yana motsa su, wai yana yi mata tausa don hankalinta ya kwanta, 'yan kallo suna ta ƙyalƙyala dariya. A cikin dariyar nan mai kallo ya riga ya ga inda kowace gaɓa take. Sai ya sa faffaɗar wuƙarsa ya raba tsoka da ƙashi cikin daƙiƙa 18. Da wannan wuƙar ɗaya yake yin komai. Ya kwantar da ita a kan tafarnuwa ya buga da tafin hannu, ta daku. Ya lanƙwasa yatsunsa ciki, gefen wuƙar yana gogar bayan yatsun, ya yanka albasa da sauri yana kallon jama'a. 'Yata ta fari, wadda a da take tsoron wuƙa, yanzu haka take riƙe albasa, kuma daga wurinsa ta koya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda mutanen Sin suke suya. Ana yanka komai ƙanana a jera a gefe tun kafin a kunna wuta. Kaskon nan nasu mai zurfi ya ɗau zafi sosai, a zuba ɗan mai, citta da tafarnuwa su fara shiga, nama ya biyo, ganye a ƙarshe, ana juyawa ba tsayawa. Cikin 'yan mintoci an sauke, kabeji da koren tattasai suna nan da launinsu da ɗan ƙarfinsu a baki. Duk macen da ke sayen gas ko gawayi a wannan zamani ta san amfanin girkin da ba ya daɗewa a kan wuta.

Kayan haɗin ma yawancinsu namu ne. Cittar kudancin Kaduna tana nan a kowace kasuwa, ga lawashi, ga attarugu. Riɗin da manoman Jigawa da Nasarawa da Binuwai ke nomawa, ƙasar Sin tana cikin manyan masu sayensa, man riɗi kuwa yana cikin abin da ke ba abincinsu ƙamshi.

Na san wasu za su ce ai akwai naman alade da giyar shinkafa a wasu girke-girken. Gaskiya ne, akwai. Waɗannan sai a tsallake su, ko a sa naman sa ko na kaza a madadinsu. Sin ɗin ma tana da miliyoyin Musulmi, irin su al'ummar Hui, kuma taliyar naman sa ta birnin Lanzhou da ta shahara a duk faɗin ƙasar, girkinsu ce.

Masu fassara fina-finan Indiya sun nuna mana cewa akwai gwanayen da za su iya ɗauko raha daga wani harshe su kawo ta cikin Hausa ba tare da ta mutu a hanya ba. A nemi izinin masu shirin, a ba irin waɗannan gwanaye aikin, a riƙa nuna shi da yamma lokacin da yara suka dawo daga Islamiyya.

Na gode.

Wata mai karatu daga Zariya