Tsohuwa ta warke

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na san ka yi fushi, kuma kana da gaskiya. Saƙonka na ƙarshe na karanta shi ya fi a ƙirga, kullum sai in ce gobe zan zauna in ba ka amsa a tsanake, sai ga shi an kwashe wata uku. Ka yi haƙuri. Yau dai na kasa kwana da labarin nan a cikina: Tsohuwa, motata, ta warke. E, ita dai, wadda tun kafin ka tafi kake cewa in kai wa 'yan gwangwan in huta. Yau kwana 19 ke nan ba ta ƙi tashi ko sau ɗaya ba, kuma da gangan nake ajiye ta a tsakar rana don in gani.

Ka san yadda ciwon yake, ai ka tura ta da hannunka har sau biyu, kana turawa kana mita. Da safe murɗa ɗaya take tashi. Amma in na yi tafiya na ajiye ta a rana, gilasai a rufe, na dawo bayan minti goma ko ashirin, sai sitata ta yi ta juya inji da ƙarfinta, inji kuwa ya ƙi kamawa. In na buɗe ƙofofi na jira rabin awa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Bayan tafiyarka abin ya ƙara tsanani. Ranar da ta fi ƙona mini rai ita ce ranar da na kai Hajiya ganin likita. Mun fito, gwiwarta tana ciwo, na zaunar da ita a baya, na murɗa, na sake murɗawa, shiru. Ba ta ce komai ba, sai fifita take yi da katin asibiti, gumi yana bin wuyanta. Ranar na yi niyyar ko dai in gano matsalar ko in bi shawararka.

Kafin nan kuwa babu abin da ban canza ba. Batir aka fara cewa, na saya. Yanzu da na fahimta, tun farko bai kamata a zargi batir ba, tunda sitata tana juyi da ƙarfi. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 in mota tana kashe, kuma lokacin da ake murɗawa bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 10 ba. Nawa bai taɓa faɗuwa ba. Sai fulogi, sai koyil. Daga ƙarshe wani bakanike ya ce famfon mai ne ya gaji, aka buɗe tanki aka sa sabo. Kwana huɗu ta yi lafiya, na biyar ta sake tsayawa. Ban riƙe shi a zuciya ba, domin duk lokacin da aka ja ta zuwa gareji, kafin a isa ta huce, yana murɗawa sai ta tashi. Ciwon da ke ɓuya in ya ga likita, yaya za a yi da shi?

Wani abu kuma da ni da kai duka muka ɗauko daga zamanin kafireto: taka totur sau biyu ko uku kafin a tayar. Na ga ka yi haka a motarka har ranar da muka raka ka, kada ka musa. A motar injekta, wato wadda ake fesa wa injinta mai, wannan ba ya ƙara ko ɗigon mai. Totur iska kawai yake buɗe wa hanya. Birenbos, wato kwamfutar motar, shi ne yake yanke yawan man da za a fesa, gwargwadon abin da sensoshi, 'yan na'urorin awo da ke jikin inji, suka gaya masa. Iyakar inda taka totur yake da amfani shi ne in mai ya cika inji har fulogi sun jiƙe. A nan, a motoci da yawa, in ka danne shi har ƙasa kana murɗawa, birenbos yana rage feshin ko ya tsayar da shi, don iska ta busar da ciki.

To ka san wa ya buɗe mini ido? Ƙaninka. Shi dai wanda kake cewa ba ya iya ɗaura ko igiyar takalminsa. Ya zo gaishe da Hajiya, ya tarar da ni na buɗe bonet ina kallon inji. Na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, "Yaya, rufe bonet ɗin. Kashe rediyo. Murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba suke kamawa, kada ka tayar." Ya buɗe ƙofar baya ya kara kunnensa a kujera, ya ce in zo in ji. Sai na ji wani ɗan gurnani siriri daga ƙarƙashin kujerar, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba, daƙiƙa biyu ya ɗauke. Ya ce, "Famfo ke nan yake cika layi da mai. Ranar da ta ƙi tashi, wannan za ka fara nema kafin ka taɓa komai." Shekara nawa ina tuƙa motar nan, wallahi ban taɓa lura da wannan ƙarar ba.

Af, tunda na ambace shi: yaron nan ya natsu sosai, kuma maganar da kake zargi gaskiya ce, an kai ga manya. Kai ne za ka yi kamar ba ka sani ba in ya kira ka, kada ka ce daga wajena ka ji. Mutuminka kuwa na nan yadda ka bar shi, ya sake barin wurin aikin, wai wannan karon shi ma zai buɗe nasa. Na ce masa Allah ya taimaka. Har yanzu bai dawo mini da jak ɗina ba.

Mu koma kan Tsohuwa. Na sa mitar auna wuta, da fulogi guda na ajiya, da sukundireba a cikin mota, na zauna jiran ranar da za ta yi halinta. Karo na farko ke nan da na ƙosa ta ƙi tashi. Ranar Laraba ta yi. Na kira ƙaninka, ya iso kafin ta huce. Muka murɗa makulli, muka kasa kunne: babu gurnani. Muka zare wayar fulogi ɗaya, muka sa mata na ajiyar, muka jingina shi da ƙarfen inji, na murɗa, sai ga tartsatsi shuɗi tas-tas. Wuta tana zuwa ke nan. Ya fesa ɗan maganin wanke totur a hanyar iska, na murɗa, ta kama na ɗan lokaci ta mutu. A nan muka tabbatar mai ne ba ya isa inji. Muka ɗaga kujerar baya, ya sa mita a soket ɗin famfo, na murɗa makulli, babu ko volt ɗaya. Sabon famfon ba shi da laifi, tsohon da aka cire ma ba shi da laifi. Wuta ce ba ta kai musu.

Fis lafiya lau. Saura rile, wato ɗan akwatin da birenbos yake umarta ya sakar wa famfo wuta. A tawa yana maƙale can ƙarƙashin sitiyari, sai ka kwanta rigingine ƙafafu a waje kafin ka gan shi. Na miƙa hannu na ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba, ƙaninka ya murɗa makulli. Ƙas! Sai gurnani daga baya. Ta tashi. Mutumina, ban san lokacin da na yi kabbara ba, ina kwance a ƙasan mota, mutane suna wucewa suna kallona.

Da dare muka cire kan batir, muka zaro rilen, muka ɓalle murfinsa a kan tebur. Da ido kawai ba ka ganin komai. Sai da muka haska tocila ta gefe muka ƙara girman hoton da waya, sannan muka ga wani zobe siriri kamar silin gashi ya kewaye ƙafafu uku a inda aka liƙe su da dalma. Dalmar ce ta tsage. Fiye da shekara ashirin tana zafi tana hucewa, ga jijjigar hanya. In cikin mota ya ɗau zafi, ƙarfe ya buɗe, tsagar ta rabu, wuta ta yanke. In ya huce ta sake haɗuwa. Shi ya sa buɗe ƙofofi yake yi mata magani, ni kuwa duk zatona inji ne yake hucewa. Ya zuƙe tsohuwar dalmar, ya sa sabuwa a kowace ƙafa, aikin bai kai minti goma sha biyar ba. Abin da ya rage yana damuna shi ne tsohon famfon nan da aka cire da ransa. Na nemo shi, na naɗe a leda na ajiye.

Za ka ce me ya hana a sa mata kwamfuta tun farko. An sa. Tana da soket ɗin nan mai ramuka 16 da ake kira OBD-II, wanda aka wajabta a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, Turai kuma ta bi baya da motocin fetur a 2001. Ba ta nuna komai ba, domin birenbos ɗin ya ba da umarninsa, bai kuma da hanyar sanin ko an cika. Da a ce ranar ba mu ga tartsatsi ba, da sensar karanshaf, mai lura da juyin inji, muka fara zargi, don ita ma ta iya mutuwa in ta ji zafi ta farfaɗo in ta huce, kuma in ba ta aika saƙo ba birenbos bai san inji yana juyawa ba, sai ya hana wuta ya hana mai. Ita ce wani lokaci take barin lamba P0335 in an sa kwamfuta.

Yanzu taka. Ka ce da safe sai ta daɗe tana juyi kafin ta kama, amma da rana lafiya. Wannan ba irin ciwon tawa ba ne, don haka kada ka je ka fasa rile. Gobe da safe ka murɗa makulli zuwa fitilu, ka jira gurnanin ya ɗauke, ka kashe, ka maimaita har sau uku, sannan ka tayar. In ta tashi nan take, to mai ne yake sulalewa daga layi cikin dare. Irin waɗannan motoci suna aiki da matsin mai wajen 3 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma ya kamata layin ya riƙe wani abu bayan an kashe. Ko dai ɗan bawul ɗin cikin famfo ne ya daina riƙewa, ko wata injekta tana ɗiga, ko regileta, mai daidaita matsin mai, ta huje. Regiletar ta fi sauƙin dubawa: zare ɗan siririn tiyon da ke kanta ka sansana, in da fetur a ciki ta mutu. In kuwa tana tashi da baƙin hayaƙi da warin mai, ko kuma sanyi ne kaɗai yake hana ta, a auna sensar zafin ruwa. In an sa musu mitar, yawancinsu suna nuna om 2,000 zuwa 3,000 a zafin digiri 20, su sauko zuwa wajen 300 in inji ya yi zafi. In ta yi ƙarya, birenbos ya yi awon mai a kan ƙarya. Don Allah kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma a murɗa ɗaya, sitata tana ƙonewa. Kuma in za a buɗe layin mai, ka kashe tabar nan taka, ka yi nesa da ita. Da ma ka ce ka daina, ni dai ban gani ba.

Hajiya tana gaishe ka, gwiwar ta yi sauƙi, jiya ma a Tsohuwa na mayar da ita asibiti, muka fito da azahar ta tashi murɗa ɗaya. Uwargida ta ce a gaida mutuniyarta, kuma har yanzu tana jiran hotunan yaran da aka yi mata alkawari. Na tuna akwai wata tambaya da ka yi mini a ƙarshen saƙonka, wayar tana caji a ɗaki kuma yara sun yi barci, sai na duba da safe. Ka gwada murɗa ukun nan ka gaya mini abin da ta yi, kuma ka rubuto mini shekarar da aka ƙera motar, don ƙaninka ya ce sai ya sani kafin ya faɗi inda regiletarta take.

Naka har kullum,
abokinka.