Godiya ga Maƙeran Bayan Tsohuwar Kasuwa, Gombe

Assalamu alaikum.

Butar gahawa ce ta jan ƙarfe, wadda mahaifinmu ya zo da ita daga Makka tun ina ƙarama. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ta yi shekaru a ƙarƙashin gado tana shan raɓar damina, har ta yi baƙi ƙirin, gindin mariƙinta ya yi kore.

Wuri biyu na fara kai ta. Na farko ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya ce in sayar masa a kilo, sai ka ce kayan jari bola. Na biyu ya karɓa, ya zuba mata ruwan batir, ya bi ta da soson ƙarfe. Da na dawo, zanen furen da ke jikinta ya shafe ta gefe guda. Na yi magana, ya ce ai ta yi haske. Wallahi a cikin Keke Napep na yi ta share hawaye har Jekadafari.

Da na zo wurinku, Baba, kafin komai sai ka leƙa cikinta. Ka ce, “’Yata, kada a sake dafa komai a nan tukuna.” Ka nuna mini inda farin shafen kuza ya cinye, ka ce koren nan guba ne, kuma abu mai tsami irin zoɓo ko lemon tsami yana kwaso jan ƙarfe ya shiga cikin mutum. Babu wanda ya taɓa gaya mini haka. Bayanta kuwa tsamiya da gishiri kawai yaronka ya sa, da tsumma mai laushi, ya ɗauraye ya goge ta bushe sarai. Ciki aka sake shafe shi da kuza zalla, ka ce ba ka yarda da mai haɗin dalma ba. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san dalilinka.

Kwana uku, kuɗin da ka faɗa shi ka karɓa.

Abin da ke damuna, masu gyara da yawa yanzu ba sa tambayar me ake yi da abu, ƙyalli kawai suke sayarwa. Tasoshin iyayenmu mata nawa aka kankare haka, nawa aka narkar?

Jiya na dafa wa Inna gahawa da citta da kanumfari a cikinta. Allah ya saka da alheri, Baba, ya yi wa yaranka albarka.

’Yarka daga Jekadafari