Wasiƙar Godiya ga Hukumar Kula da Bletchley Park

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Bletchley Park Trust, Milton Keynes, Ingila.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni malamar lissafi ce, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, saboda kun hana sunayen matan da suka yi aiki a gidan nan, cibiyar warware saƙonnin sirri na abokan gaba ta Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su bi ruwa.

A farkon 1945 ma'aikatan wurin sun kusa 9,000, kuma kusan kashi uku cikin huɗu mata ne. Kowacce ta sa hannu a dokar sirrin gwamnati, ta kame bakinta, har sai da labarin ya fito fili a 1974. Da yawa iyayensu sun rasu ba su san me 'ya'yansu suka yi ba. Filin ma saura ƙiris a rushe shi a gina gidaje, aka kafa hukumarku a 1992 ta tsaya tsayin daka.

Labarin Mavis Lever shi ne wanda ɗalibaina mata ba sa gajiya da ji. Ta lura da wani saƙon sojojin ruwan Italiya wanda babu harafin L a cikinsa ko ɗaya. Ta san Enigma, na'urar da ake sauya haruffan saƙo da ita don ɓoye shi, ba ta taɓa mayar da harafi ya zama kansa, sai ta gane mai aikawar L kawai ya yi ta dannawa, wannan kuwa ya buɗe mata hanyar gano yadda aka haɗa wayoyin na'urar. A watan Maris na 1941, tana da shekara 19, saƙonnin da ta warware suka taimaka aka yi wa jiragen ruwan yaƙin Italiya kwanton ɓauna a Matapan, kusa da gaɓar tekun Girka. Ga kuma Joan Clarke, gwanar lissafi da Jami'ar Kambrij ta hana cikakken digiri don kawai mace ce, amma ta zama mataimakiyar shugaban sashen da ke karanta saƙonnin sojojin ruwan Jamus a 1944.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne ba ku tsaya kan fitattu ba. Dubban matan da suka kwana suna juya na'urorin Bombe masu gano saitin Enigma, da masu buga tafireta, da masu adana katuna, kun buɗe musu kundin girmamawa a intanet, inda jika zai nemi sunan kakarsa ya ga sashen da ta yi aiki. Wannan aiki ne na masu sanin ya kamata.

Roƙona ɗaya: waɗanda suka rage a raye sun manyanta ƙwarai. Ku ci gaba da naɗar muryoyinsu.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Taku,
Wata malamar lissafi.