Hank Aaron ya cancanci ko da rabin shafi a filin wasanninku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan gidan. Na daɗe ina bin shafinku na wasanni daga nan Atlanta, inda neman abinci ya kawo ni, kuma ƙorafina guda ne: kullum ƙwallon ƙafa, sai ka ce daga ita an rufe ƙofa. Na san besbol baƙo ne a wurinmu. Ni ma farkon zuwana raina shi na yi, ina ganin mene ne abin kallo a wani ya jefo ƙwallo wani ya maka mata sanda. Amma mutum ba ya zama a garin nan bai ji sunan Hank Aaron ba, kuma labarinsa ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san wasan ba, babban abin alfahari shi ne bugun da suke kira hom-ran. Ana jefo maka ƙwallo da gudun da ya kan wuce kilomita 140 a awa, kai kuma ka dake ta har ta tsallake katangar da ke nesa da kai kimanin mita 100 ko fiye. Babe Ruth, wani shahararren ɗan wasa farar fata, ya yi irin wannan sau 714, Amurkawa suka ɗauka an gama, babu mai kamo shi.

An haifi Aaron a 1934 a Mobile ta jihar Alabama, gidan talakawa, lokacin da doka ta raba baƙi da farare har a wurin shan ruwa. Da marfin kwalba da guntun itace ya koyi bugu, kuma riƙon sandar ma a juye yake yi, sai daga baya aka gyara masa. A 1952 ya shiga Indianapolis Clowns, ƙungiyar gasar baƙaƙen fata zalla, a 1954 ya fara buga wa Milwaukee Braves, a 1957 suka doke New York Yankees suka ɗauki kofi.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai taɓa buga hom-ran 50 a kaka ɗaya ba. Mafi yawansa 47 ne, a 1971, alhali Ruth ya taɓa yin 60 a 1927. Aaron ba ƙato ba ne, ƙarfinsa a wuyan hannu yake. Naci ne makaminsa: shekara 20 a jere, daga 1955 zuwa 1974, ba a yi kakar da ya gaza 20 ba. Haka ya yi ta tarawa ba hayaniya, har mutane suka farga ya iso bayan Ruth.

Nan fa aka ji kunya. Ya rufe kakar 1973 da 713, saura ɗaya ya yi kunnen doki. A wannan shekarar wasiƙu wajen 930,000 suka iso masa. Masu fatan alheri sun fi yawa, amma dubbai zagi ne da barazanar kisa, don kawai baƙar fata zai wuce farar fata. Sai da aka haɗa shi da mai tsaron lafiya, aka kuma sa ido a kan 'ya'yansa. Ka duba fa, Malam Edita, wata shida mutum yana jiran a buɗe sabuwar kaka, bai san ko zai kai ba.

Ya kai. Ranar 8 ga Afrilu, 1974, a nan Atlanta, ya buga na 715, wanda ya wuce na Ruth, a hannun Al Downing mai jefa ƙwallo na Los Angeles Dodgers. Yana cikin zagaya fili wasu samari biyu farare suka diro suka bi shi da gudu. Ashe murna ce ta kawo su, amma a irin wannan dare wa zai sani? Mahaifiyarsa ta tare shi ta ƙanƙame shi. Waɗancan wasiƙun kuwa bai ƙona su ba, ajiye su ya yi.

Ya yi ritaya a 1976 da 755. Barry Bonds ya wuce shi a 2007, ya tsaya a 762, sai dai zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari bai taɓa sakin sunansa ba, shi ya sa ni dai har gobe Aaron nake ƙirgawa. Ga wani lissafin kuma: bugunsa da ya yi nasara, hom-ran da wanda ba hom-ran ba, 3,771 ne, ko an zare 755 ɗin nan gaba ɗaya, saura 3,016, adadin da manyan 'yan wasa da yawa suka tsufa ba su gani ba. Ya rasu ranar 22 ga Janairu, 2021, yana da shekara 86.

Roƙona, idan 8 ga Afrilu ta zagayo, ku rage wa Firimiya rabin shafi ku ba shi, ku haɗa da hoton nan na mahaifiyarsa.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku,
Atlanta, Amurka