Hannun T. rex ba shi ne ma'aunin fiffike ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dariyar da aka yi a shirinku na kimiyya na daren Laraba ce ta sa na rubuto. Ana maganar cewa tsuntsaye daga dainoso suka fito, sai mai gabatarwa ya kawo T. rex, ƙaton dainoson nan mai cin nama, ya ce wai dabbar da hannunta ko bakinta ba ya kaiwa, ta ina za ta haifi mai fiffike? Baƙon naku ya ce ai a hankali hannun ya yi ta tsawo. Aka tuntsire da dariya, aka wuce. Tambayar a karkace take, amsar kuma ta fi ta karkata, ga shi ɗalibai na saurare.

Ko lissafin shekaru kaɗai ya isa ya kashe maganar. T. rex ya rayu a Arewacin Amurka tsakanin shekara miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce. Archaeopteryx, na farko-farko a zuriyar tsuntsaye, wanda aka tono a duwatsun Solnhofen na Jamus aka bayyana shi a 1861, da fukafukansa da haƙoransa da doguwar wutsiyarsa ta ƙashi, shekararsa miliyan 150. Tazarar ta haura shekara miliyan 80, kuma mai fiffiken ne ya riga. Yaushe jika ya haifi kakansa? T. rex ɗan'uwa ne na nesa, a wani reshe daban. Reshen nasa ma baya ya yi a harkar hannu: Guanlong, na farko-farko a danginsa, wanda aka samu a Sin, tsawonsa mita 3 ne, hannunsa dogo, yatsu uku. Da jikin zuriyar ya yi ta ƙaruwa, kai ya zama makami, hannu ya tsuke har ya koma yatsu biyu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne an yi ta cewa "gajere" da "dogo" ba a ce a kan me aka auna ba. Hannun T. rex ya kai kusan mita ɗaya, ya fi na kowane ƙato a cikinmu. Gajartarsa ba ta fitowa sai an ajiye shi kusa da jiki mai mita 12. Masu wannan aiki ƙashin damtse suke aunawa daga kai zuwa gindi, su auna ƙashin cinya na dabba ɗaya, su raba na farko da na biyu. A kwarangwal ɗin T. rex da ake kira Sue da ke gidan tarihi na Field a Shikago, damtse kimanin santimita 39 ne, cinya kimanin 130, wato damtsen bai cika kashi ɗaya cikin uku na cinya ba. A Deinonychus, dainoso mai cin nama na kusa da tsuntsaye, wanda John Ostrom ya bayyana a 1969 daga Montana, damtse ya kai wajen kashi uku cikin huɗu. A kwarangwal ɗin Archaeopteryx da ke ajiye a Landan, damtse milimita 75, cinya wajen 61. Damtse ya wuce cinya.

To, a nan ne ake zamewa, kuma baƙonku ya zame. Wannan rabon yana iya hawa ta hanya biyu: ko hannu ya ƙaru, ko cinya ta ragu. A tsuntsaye cinya ta gajarce, ta kwanta a jikin ciki, tafiya ta koma daga gwiwa. Wanda ya dogara da cinya kaɗai zai ga hannu ya yi tsawon da bai yi ba. Shi ya sa ake sake aunawa da tsawon gangar jiki, ko da nauyin da ake ƙiyastawa daga kaurin ƙashin cinya. Sannan ba a haɗa yaro da babba, domin ƙananan dangin T. rex hannunsu ya fi na iyayensu tsawo idan aka auna da jiki. Ƙashin da dutse ya latse shi ma yakan ba da awon ƙarya a kauri.

Da aka bi waɗannan ƙa'idoji, sai wani abu ya fito. Alexander Dececchi da Hans Larsson na jami'ar McGill a Kanada sun nuna a 2013 cewa a yawancin dainoso masu cin nama, tsawon hannu yana bin girman jiki ne: jiki ya ƙaru, hannu ya ragu a kansa, jiki ya ƙanƙance, hannu ya fito dogo. Yawancin tsawon da ake gani a hanyar zuwa tsuntsu ƙanƙancewar jiki ce ta kawo shi. Sai a tushen zuriyar tsuntsaye wannan igiyar ta tsinke, hannu ya yi tsawo fiye da abin da girman jiki zai bayar, ƙafa kuma ta gajarce. Wani binciken na 2014 ya bi wannan reshe tsawon shekara miliyan 50, daga dabba mai nauyin fiye da kilo 160 zuwa mai ƙasa da kilo ɗaya. Wannan ita ce amsar da ta kamata a ba mai gabatarwa, kuma minti biyu ya ishe ta.

Tsawo ma ba shi kaɗai ke yin fiffike ba. Wani dainoso, Deinocheirus na Mongoliya, hannunsa mita 2.4 ne, bai taɓa barin ƙasa ba. Wani kuma, Caudipteryx, hannunsa gajere ne, ga gashin fiffike jere a kai. Abin dubawa gaɓa ce. A wuyan hannun Deinonychus akwai ƙashi mai siffar rabin wata, wanda ke barin tafin hannu ya lanƙwashe gefe, ya karkata zuwa sangalin hannu. Haka kaza ke naɗe fiffikenta. Duk wanda aka sa wa fiffiken kaza a miya zai iya dubawa: gaɓar farko ƙashi ɗaya, ta tsakiya ƙashi biyu a jere, sai tsinin ƙarshe inda ƙasusuwan tafin hannu suka manne, da wani ɗan tsiro a gefe. Yatsu uku ke nan, adadin na Deinonychus. Jimina har yau tana da akaifa a fiffike. Hoton dainoson da kuka liƙa a shafinku kuwa, mai tafin hannu yana kallon ƙasa kamar mai shirin dukan ganga, kuskure ne. Tafukan nan juna suke kallo, kamar mai shirin tafi.

Akwai kuma ƙashin nan mai kama da gwafa a gaban ƙirjin kaza. Rashin ganinsa a dainoso ne ya sa Gerhard Heilmann a 1926 ya ƙi yarda cewa tsuntsaye daga dainoso suka fito, mutane suka bi shi shekara da shekaru. Daga baya aka same shi a Velociraptor, a Allosaurus, a T. rex kansa, har da Suchomimus, wanda ayarin Paul Sereno ya tono a Gadufawa cikin hamadar Tenere a 1997. Dabba mai tsawon kusan mita 11, da ƙaƙƙarfan hannu da ƙatuwar akaifa a babban yatsa, a nan jihar Agadas, amma rabin sa'a kuka yi ba wanda ya ambace ta.

Ina roƙo a mako mai zuwa a karanta gyara, a faɗi shekarun nan biyu, 150 da 66, a faɗi a kan me ake auna hannu.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin magana. A ƙaramar rediyo mai batir garaya kawai ake ji. Da baƙon ya faɗi adadi, ba a gane miliyan ya ce ko biliyan.

Naku,
mai sauraro daga Damagaram.